Gishiri a Shuɗin Kwari

Hankaki ne suka fara sani, sannan mutane. Kafin Verl Tolman ya iso Shuɗin Kwari da hantsi, mahaya sun fi goma sun riga shi, sun tattake wurin da dawakinsu sai ka ce an aiko su ɓata masa aiki. Shi ne ƙungiyar masu shanu ta Rafin Marlow ta ɗauka yana zagaya makiyayar kan tsauni, kuma in saniya ta ɓata ko an yanke shinge, shi ake kira ya bi sawu. Ya ja linzami a bakin gangare, ya leƙa ƙasa.

Shanu kusan ashirin ne kwance cikin furanni, ciki ya kumbura, ƙafafu sun sandare. Furen kuwa yana tsaye abinsa, shuɗi mai ɗaukar ido, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. A littafi sunansa larkspur, amma a tsaunukan Idaho babu mai shanun da zai ɓata bakinsa da wannan suna, guba kawai ake ce masa. Saniya tana son sa, musamman bayan an yi ruwa, kuma in ta cika ciki da shi ba ta ganin faɗuwar rana. Tumaki kuwa su ci su yi ƙiba. Shi ya sa tun zamanin kakanni aka kewaye kwarin da shingen waya, kowace shekara a fara sako tumaki su cinye guba, sannan a buɗe wa shanu ƙofa. Bana tumaki ba su shiga ba tukuna, ga ƙofa a wangale.

Orrin Bagley, shugaban ƙungiya, wanda yawancin matattun shanun nasa ne, ya matso da dokinsa. Dattijo ne mai faɗin ƙirji wanda bai saba a maimaita masa magana ba, balle a musa.

"Ka gama kallon?"

"Ban ma fara ba, Baba Orrin. Kun taka mini duk abin da zan kalla."

"Ba sai ka wahalar da idonka ba. Kowa ya san wanda ya yi."

Ya nuna kan tudu da haɓa, inda wani siririn hayaƙi ke tashi. Nan ne sansanin Inaki Goiri, ɗan ƙabilar Basque da aka ɗauko daga tsallaken teku don kiwon tumaki. A watan jiya Orrin ya harbe masa kare, wai ya kori maruƙa, kuma Inaki ya tsaya a tsakiyar kantin gari ya ce da shi zai yi kuka kamar yadda shi ya yi. Mutane da yawa sun ji, waɗanda ba su ji ba ma yanzu sun tuna sun ji.

"Ina da kananzir a gida," in ji Burl Kinney, wanda ko saniya ɗaya bai rasa ba, amma muryarsa ta fi ta kowa tashi. "A ƙone amalanken da yake kwana a ciki, a kora tumakin su faɗa rami, shi kuma a nuna masa hanya."

Verl ya san abin da nuna hanya yake nufi a wannan kwari. An taɓa nuna wa wani makiyayi hanya yana yaro, sai da ƙanƙara ta narke aka tsinci takalmansa. 'Yan sanda kuwa suna can babban garin gunduma, kuma ruwan jiya ya cinye gada.

"A ba shi zuwa la'asar."

Kowa ya waiwaya. Dell Tolman ne ya yi maganar, yayan Verl, yana bayan taro a kan doki, hularsa ta rufe ido. Uku daga cikin matattun shanun nasa ne, shi ya sa maganarsa ta yi nauyi.

Orrin ya tofar da yawu. "Zuwa la'asar. A garken ƙungiya za ka same mu. In ba ka zo da wani suna ba, muna da namu."

Da suka juya, Verl ya matsa kusa da yayansa. "Sannu, Yaya. Allah Ya mayar da alheri."

Dell ya gyaɗa kai kawai, ya bi sauran.

*

Aikin bin sawu ba ya son taro. Verl ya ɗaure doki, ya shiga kwarin da ƙafa, yana tafiya a hankali da hannu a baya. Ruwan da aka sheƙa jiya da rana ya wanke duk sawun da ya riga shi, mahayan safe kuma sun lalata na bayansa. Amma wata tambaya tana cin sa. Ko an buɗe ƙofa, shanun da ke da ciyawa har gwiwa a fili ba za su gangaro kwari su duka lokaci guda ba, sai in wani abu ya jawo su.

A tsakiyar furannin ya ga abin. Ƙasa ta yi rami mai santsi inda harsuna suka lashe ta, a gefen ramin kuma ga shatin wani abu mai kusurwa huɗu. Ya dangwala yatsa ya kai baki. Gishiri ne. Wani ya ɗauko kantun gishiri ya dasa a tsakiyar guba, ya buɗe ƙofa, ya bar wa shanu sauran aikin. Daga baya ya dawo ya ɗauke kantun.

Can ƙasa kusa da rafi ya hango jini ya baƙanta ciyawa, hankaki na tsalle a kai. Ya ce a ransa diloli sun fara rabonsu, ya wuce.

A gindin ƙofar shinge ya sami abin da bai zata ba. Reshe biyu ne na furen guba, amma ba na daji ba, ɗaya fari ɗaya ruwan hoda, furen a cunkushe, an yanke su da almakashi. Mutum ɗaya ce a duk Rafin Marlow take shuka irin wannan. Ya soka su a jakar sirdi, ya hau tudu tukuna, tunda nan ya fi kusa.

*

Inaki yana zaune a matakalar amalankensa, bindiga kwance a cinya. Saurayi ne siriri, idonsa ya yi ja don rashin barci. Tumaki sun bazu a bayansa suna kiwo, ba ruwansu.

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. Ajiye bindigar nan, Inaki, kada ka harbe ƙafarka."

"Sun ce ni ne, ko?"

"Ka ce zai yi kuka."

"Na ce. In wani ya harbe maka kare, me za ka ce masa, sannu da aiki?" Ya jingine bindigar a gefe. "Amma ni makiyayi ne, maigida. Ban taɓa kashe dabba don jin haushin mai ita ba."

Verl ya zagaya sansanin. Ga komi na katako da garin gishiri a ciki, irin wanda masu tumaki ke zubawa. Babu kantu, babu alamar an taɓa ajiye shi. Wannan ya ɗan sanyaya masa rai, amma ya san ba zai ishi Orrin ba, domin ana barin kantu a fili, kowa na iya ɗauka.

"Jiya bayan ruwa me ka gani?"

"Na ji kukan shanu. Na leƙa daga bakin dutsen can. Mutum ɗaya ne a ƙasa, da rigar ruwa, ban ga fuska ba. Ya sauka daga doki yana shiga tsakaninsu. Ya durƙusa, ya tashi, ya ja igiya, ya sake durƙusawa. Ya daɗe."

"Me ya hana ka sauka?"

"In sauka cikin shanun Orrin suna mutuwa? Ka ɗauke ni mahaukaci?"

"Kada ka gudu. In ka gudu, ka amsa laifi."

"In gudu in bar wa wa tumakin?"

Verl ya hau doki. Bai ce masa komai zai yi daidai ba, don shi kansa bai sani ba.

*

Gidan Ardith Pomeroy yana gindin tsauni, kuma tun daga nesa ake gane shi. Layi-layi na furen guba ne a gaban gidan, fari da ruwan hoda da shuɗi mai duhu, kowane an ɗaure shi jikin sanda don kada iska ta karya. Shekara da shekaru masu shanu suna mita, wai mace mai hankali ta rasa abin da za ta yi ado da shi sai makashin dukiyar mutane. Ita kuwa ko a jikinta. Bara shanun Orrin sun fasa mata shinge sun tattake rabin lambun, ta bi shi har ƙofar coci da baƙar magana.

Ya same ta a sunkuye da almakashi. Ba ta ɗago ba.

"In kofi ka zo sha, yana kan murhu. In kama ni ka zo yi, jira in gama layin nan."

"Ina wuni, Gwaggo Ardith." Ya fito da rassan biyu. "Naki ne?"

"Akwai wata mahaukaciyar da ke shuka su ban da ni?"

"A ƙofar Shuɗin Kwari na tsince su."

Sai a nan ta miƙe, ta dafe ƙugu. "Kai Verl, ni na riƙe fitila ranar da aka haife ka, amma har yau ba ka yi wayo ba. Ina aka binne mijina?"

Kunya ta kama shi. Kabarin Amos Pomeroy yana ƙarƙashin itatuwa, jifa ɗaya daga ƙofar kwarin, a daidai inda doki ya kayar da shi.

"Duk shekara farkon furen da ya buɗe nasa ne. Shekaranjiya da safe na kai masa, na ga biyu sun zame daga damin ban koma ba. Ƙofa kuma a rufe take, har na jingina da ita na huta."

"Kin ga wani?"

"Na ga barewa. Ka je ka tambaye ta." Ta nuna masa benci da almakashi. "Zauna. In masu jin haushin Orrin kake nema, sai ka kama rabin kwarin nan. Ka manta shekarar da ya sa aka buɗe ƙofa da wuri, wai ciyawar fili ta ƙare, ba zai jira tumaki ba? Nasa suna can wani gefe, na mutane suka shiga. Yayanka ma garke guda ya binne a wannan shekarar. Ka taɓa jin Orrin ya ce wa wani yi haƙuri?"

"Wannan ya daɗe, Gwaggo."

"A wurinka." Ta koma yankanta. "Abin da ya fi ba ni haushi da ku masu shanu, ba ku koyon komai. Amos ko a coci yake, in aka ce saniya ta ci guba, da wuƙa zai fita a guje. A juya kanta ta kalli tudu, a tsaga wutsiya jini ya zuba, a yi ta addu'a. Likitan dabbobi ya faɗa ya sake faɗa, tsagar nan ba ta maganin komai. Kun ji? Hannunku ne ke yi, ba kanku ba."

Verl ya ajiye kofin da ya zuba bai kai baki ba, ya miƙe. Mutumin da ya durƙusa ya tashi, ya ja igiya. Jinin da ke kusa da rafi.

"Ina kuma za ka?"

"Na bar wani abu a kwari."

*

Rana ta karkata lokacin da ya koma. Wannan karon bai kalli ƙasa ba, shanun ya bi ɗaya bayan ɗaya. Na Orrin duk sun faɗi yadda guba ke kayar da saniya, kai ya kalli gangare, wutsiya lafiya lau. Da ya iso bakin rafi ya kori hankakin.

Shanu uku ne a nan, kawunansu na kallon tudu. Ga shatin da jikinsu ya yi a laka inda aka ja su da igiya aka juya su. Ya ɗaga wutsiyar ta farko. Ba cizon dila ba ne. Tsaga ce ta wuƙa mai kaifi, a ƙarƙashi, kusa da gindi, kuma jini ya zuba sosai, ke nan da ranta aka yi mata. Ta biyu haka, ta uku haka. Ya share laka daga cinyar ta farko da tafin hannu, ko da yake ya riga ya san abin da zai gani. Tambarin wuta ne na mahaifinsu, wanda Dell ya gada.

Ya daɗe a tsugune. Ya yi ƙoƙarin yi wa kansa wayo. Wataƙila Dell wucewa ya yi ya tarar da abin. To me ya hana shi kai kuka gari tun jiya? Me ya sa ya tsallake na Orrin goma sha wani abu suna shure-shure, ya kuma tsaya da safe cikin taro kamar yanzu ya gani?

Gaba kaɗan akwai wani wurin da jini ya zuba, amma babu saniya. Daga nan ɗigon jini ya bi gefen rafi, inda mahayan safe ba su taka ba. Ga sawun saniya tana tangaɗi, ta tsaya, ta ci gaba. A bayanta sawun doki ne yana tafiya a hankali, kuma ƙafafunsa sun nutse fiye da nauyin mutum ɗaya. Verl ya bi. Ba ya ma bukatar jinin, don hanyar ya san ta tun yana bin mahaifinsu a kan ɗan alfadari.

Sawun ya ƙare a bayan rumfar dabbobi ta gidan da aka haife shi. A ciki wata jar saniya tana tsaye tana rawar jiki, an ɗaure mata wutsiya da tsumma. A kusurwa, ƙarƙashin buhu, ga kantun gishiri, gefensa ya lashe, ganyen guba ya manne a gindinsa.

"Verl, kai ne?" Nola ce, matar Dell, daga wajen igiyar shanya, da kwandon wanki a ƙugu. "Yayanka ya tafi garke. Ka ci wani abu kuwa yau?"

"Na ci, Nola."

"Ƙarya kake, ga fuskarka nan. Ku dawo tare da yamma, na yanka kaza."

Ya ce to. Ya ɗaura kantun a bayan sirdi ta inda ba za ta gani ba. Tun da yake bai taɓa tsanar aikinsa ba sai ranar nan.

*

Ba su jira la'asar ba. Da ya iso garken ƙungiya, ya tarar da Inaki zaune a ƙasa jikin turke, hannuwa ɗaure a baya, leɓensa ya fashe. Burl Kinney yana tsaye a kansa da garwar kananzir a gefen ƙafa. Ardith ma ta zo a kekenta na doki, ta zauna da lema tana kallon kowa kamar mai ƙirga masu zuwa wuta. Dell yana can jingine da shinge.

"Mun rage maka hanya," in ji Burl. "Mun kawo shi ya ji hukuncinsa da kunnensa."

Verl bai kula shi ba. Ya kwance kantun ya jefar a tsakiyar fili.

"Wannan ne ya kashe shanun. An dasa shi a tsakiyar guba, sannan aka buɗe ƙofa."

"To sai me?" in ji Orrin. "Kantu nawa ne a fili? Ɗan tumakin nan ba shi da hannun ɗauka?"

"Yana da shi. Gwaggo Ardith ma tana da shi, kuma na tsinci furenta a ƙofa."

"Ka faɗa musu inda na kai sauran," ta ce, ba tare da ta motsa ba.

"Kan kabarin mijinta. Na je na gani, suna nan." Ya juya ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya. "Ina da tambaya. Da kuka iso da safe, wa ya tsaga wa saniya wutsiya?"

Aka dubi juna. Wani ya ce, "Wa zai tsaga wa gawa? Da muka zo duk sun sandare."

"Haka ne. Amma akwai uku a bakin rafi da aka juya kansu tudu, aka tsaga musu wutsiya, jini ya zuba har ya jiƙa ciyawa. Matacciya ba ta zubar da jini haka. Ke nan wani yana wurin jiya suna mutuwa, yana ƙoƙarin ceto. Inaki, ka taɓa tsaga wa saniya wutsiya?"

Inaki ya ɗago kai. "Don me zan yi mata haka?"

Wani ya yi 'yar dariya, ta mutu a maƙoshinsa. Kowa a wurin ya gane. Wannan aikin mai shanu ne, wanda ya koya daga ubansa.

"Wanda ya kai gishirin shi ya dawo ɗauke shi bayan ruwa," in ji Verl. "Da ya zo ya tarar ba na wanda ya nufa kaɗai suka shiga ba, har da nasa. Ya tsallake na Baba Orrin duka bai taɓa ko ɗaya ba. Nasa kuwa ya kasa tsallakewa. Huɗu ya tsaga wa. Uku suka mutu, ta huɗu ya kora ta gida, na bi jininta har rumfar da na samo kantun nan."

Babu wanda bai san shanun wa ke kwance a bakin rafi ba, amma babu wanda ya yarda ya fara waiwayawa.

"Rumfar wa?" in ji Orrin a hankali.

Verl bai dube shi ba. "Yaya, kai za ka faɗa ko ni?"

Dell ya ɗaga bayansa daga jikin shinge. Ya cire hula, ya juya ta a hannu, ya taka zuwa tsakiyar fili kusa da kantun.

"Ku kwance yaron nan. Ni ne."

"Dell?" Orrin ya ce, kamar bai taɓa jin sunan ba.

"Na kai nawa can bayan tsauni tun farkon mako. Huɗun nan suka tsallako, suka bi ƙanshin gishiri." Ya ɗago ido ya dubi dattijon. "Ka tuna shekarar da ka buɗe ƙofar nan? Ni kaɗai na ja shanuna da igiya na tura su rami, kana zaune a kan doki kana ce mini haka kiwo ya gada. Ba ramuwar dukiya nake nema ba. So nake ka tsaya a bakin gangaren nan ka ga naka, ko sau ɗaya."

"Ka bari a ƙone wani saboda kai," in ji Ardith.



Burl ya ɗauki garwarsa, ya rasa inda zai kai ta, ya sake ajiyewa. Wasu samari biyu na Orrin suka fara matsowa, ɗaya yana warware igiya daga sirdi. Verl ya shiga tsakaninsu da yayansa, ya ɗora hannu a kan bindigar ƙugunsa.

"Kun nemi suna, na kawo muku. Daga nan aikin alƙali ne. Ni zan kai shi gunduma da kaina, ta mashigin saman tsauni, tunda babu gada. Wanda ya biyo mu, ya san ba hira ya zo yi ba."

Orrin ya daɗe yana kallon kantun gishirin. Fuskarsa ta faɗa, ya koma tsoho lokaci guda. Ya ɗaga hannu, samarin suka tsaya.

Ardith ta sauko daga kekenta da almakashin lambu, ta yanke igiyar da ke hannun Inaki. Ya miƙe yana murza wuyan hannu, ya dubi mutanen da suka ɗaure shi. Babu wanda ya iya haɗa ido da shi, kuma babu wanda ya ba shi haƙuri.

"Tumakina ba kowa a wurinsu," ya ce, ya kama hanyar tudu da ƙafa.

*

Suka fita su biyu, dawaki kafaɗa da kafaɗa, rana tana bayansu. Verl bai ɗaure shi ba, bai ma karɓi wuƙarsa ba.

"Jar saniyar nan," in ji Dell, "kada a ba ta ruwa da yawa yau. Kaɗan-kaɗan."

"Zan duba ta."

Suka tsallake rafi. Maganar da ke cin Verl tun a rumfa ta ƙi kwanciya.

"Yaya, da ban ga jinin nan ba fa? Da za ka buɗe baki kafin su kunna ashana?"

Dell ya dubi kunnuwan dokinsa. "Tun jiya nake yi wa kaina tambayar nan."

"Me ka samu?"

"Ban sani ba, Verl. Wallahi ban sani ba."

Verl ya so a ce ƙarya ya yi masa, ko da ƙarama ce, wadda zai riƙe ya kai gida. Hawaye ya cika masa ido, ya bar shi ya zubo, bai share ba.

A mararraba hanya ta rabu, ta dama ta gangara gida, ta hagu ta hau mashigin sama. Daga nan ana hango Nola a ƙofar ɗakin girki. Ta ga dawaki biyu, ta ɗaga musu hannu, ta juya ciki da sauri don ta sauke tukunya. Dokin Dell ya karkata dama da kansa, yadda ya saba kullum. Verl ya miƙa hannu ya kama linzaminsa, ya ja shi hagu.